Ƙarar Cokali a Hawa na Tara

Hadiza, ke da Bashir, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune. Na san abin da ake faɗa a unguwa tun da na dawo daga Qatar. Wai Saje Isiyaku ya shiga ɗakin baƙo a otel, an kama shi, an koro shi. Wasu sun ƙara gishiri sun ce agogo na ɗauka, wasu sun ce waya. Na san kai Bashir ka fasa wa wani yaro baki a gidan kallo lokacin gasar cin kofin duniya, saboda ya nuna masu gadin filin wasa a talabijin ya ce da babanka ba ɓarawo ba ne da yana cikinsu. Ka dawo gida da riga a yage, ka dube ni kana jiran in ce ƙarya ne, ni kuwa na ce ka je ka wanke fuskarka. Abin ya yi maka ciwo, na sani, ni ma ya yi mini. Na yi shiru ne domin labarin ƙofar otel ba ya faɗuwa sai da labarin wata ƙofar, wanda ko mahaifiyarku ban taɓa ba ta ba. Yanzu gwiwoyina sun fara ƙin tashi, gara in faɗa da kaina.

Bayan na bar aikin soja na yi zaman gida har ya ishe ni, sai wani kamfanin gadi ya ɗauke mu zuwa Doha. Sun ce suna son tsofaffin sojoji, kuma idan gasar ta zo a filin wasa za a tsayar da mu. A Bin Omran aka ba mu masauki, mu shida a ɗaki, gado a kan gado. Wanda ke kwana a samana Awudu ne, mutumin Zangon Kumasi, tsohon direba, sa'ana a shekaru, ga surutu ga minshari. Ni ina yi masa tsiya cewa Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, shi kuma yana cewa na tsufa har yanzu ina tafiya kamar ana fareti. Muna cikin wannan zama annoba ta shigo. Cikin 'yan kwanaki titunan da ba sa rabuwa da motoci suka zama wayam, fitilun hanya suna ta canja launi ba mai wucewa. Ranar da na fara jin ladan ya kai tsakiyar kiran salla ya ce kowa ya yi salla a gidansa, muryarsa tana rawa, wallahi tsigar jikina ta tashi. Na yi shekara hamsin da ɗoriya ina jin kiran salla, ban taɓa jin an kira mutane an ce kada su zo ba.

Kamfaninmu ya samu aikin gadin wani otel da aka mayar wurin killace masu cutar da jikinsu bai yi tsanani ba. Ni da Awudu aka ba mu hawa na tara, daga safe zuwa magariba. Doguwar baranda ce mai kafet, ɗakuna hagu da dama, ba taga ko ɗaya. An manna jan layi a ƙasa taku uku daga kowace ƙofa, an ajiye kujera a bakin kowane ɗaki. Idan abinci ya zo sai ka ɗora tire a kan kujera, ka ƙwanƙwasa sau uku, ka koma bayan layi kafin a buɗe. Akwai kati guda da yake buɗe duk ƙofofin, yana cikin wani ɗan akwatin gilashi kusa da teburinmu, an liƙe shi da takarda mai tambari, saboda gobara kawai. Sufabaizanmu, wani mutum mai kirki amma matsoraci, ya tsaya ya nuna mana shi ranar farko.

“Ku gani, ku rubuta, ku kira ni a oba-oba. Ba naku ba ne shiga. Wanda ya yage takardar nan, halas, tasa ta ƙare, jirgi zai bi zuwa gida.”

Awudu ya ce wannan ai aikin banza ne, ko makaho zai iya. Ni kuwa na taɓa jin irin wannan umarni kusan kalma da kalma.

Otel ɗin kansa ba ya da daɗin zama. Na'urar sanyi tana ta huci dare da rana, lifta takan zo ta buɗe a hawanmu ba kowa a ciki, ta tsaya kamar tana jiran wani, sannan ta rufe ta sauka. A ƙasa, hanyar da muke bi mu canja kaya, akwai babban zauren taro da aka bari yadda yake tun ranar da aka rufe gari. Kujeru a jere, robobin ruwa an sha rabi, takardun sunaye a tsaye a gaban kujerun da ba kowa, wani ma ya bar tabaransa a kan littafi. Wani mai shara ya gaya mana taron masana doka ne da aka fara ba a ƙarasa ba, kowa ya ruga filin jirgi, sai wanda gwaji ya kama. Awudu ba ya yarda ya bi ta nan shi kaɗai ko da tsakar rana.

Wanda gwajin ya kama shi ne mutumin ɗakin ƙarshe na hawanmu. Dattijo ne baƙar fata, siriri, kansa fari fat, kowa na kiransa Farfesa. Sauran mutane sukan miƙo hannu su ja tire su rufe, shi kuwa sai ya buɗe ƙofar kaɗan, ya jawo kujerarsa ta ciki, ya zauna da takunkumi a haɓa yana shan shayi, yana neman mai yi masa hira. A kwana na uku ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi mini magana da Turanci, ni kuma na mayar masa da nawa irin na bariki.

“Kai soja ne. Na ga yadda kake ajiye ƙafafunka.”

“Da can ne, ranka ya daɗe. Yanzu mai kai shayi ne.”

“Ka taɓa fita waje aikin kiyaye zaman lafiya?”

Na ce na taɓa. Ya tambayi ƙasar, na faɗa. Sai ya ajiye kofin a hankali ya ce ƙasarsa ce.

Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, kun san ta, tana rubuce a ƙasan hoton da ke rataye a falonmu. Lokacin ina kofur, ko aure ban yi ba. Yaƙin basasa ake, aka ajiye mu a wata makarantar kwana a gefen wani gari, mai katanga da babban ƙyauren ƙarfe. Umarninmu shi ne mu sa ido a kan tsagaita wuta, mu tsare kayan agaji, kada mu harba sai an harbe mu, kada mu shigar da kowa, domin gwamnatin ƙasar a kan haka kawai ta yarda mu zo. Makullin ƙyauren a ɗamarata yake. Wata rana da hantsi mutanen gari suka fara zuwa, mata da tsofaffi da yara, saboda sun ji mayaƙa na tafe. Da farko suna ta ihu suna roƙo. Kyaftin ɗinmu ya kira na sama da shi, na saman ya ce zai kira na sama. Zuwa azahar muryoyinsu sun dushe, wuri ya yi tsit, sai wata mata mai koren zane. Da alama daga kan girki ta gudo, don akwai cokalin ƙarfe a hannunta. Ta tsaya daidai inda nake, ƙarfen ƙyaure kawai ya raba mu, tana buga cokalin a jikinsa. Ba da ƙarfi ba. Sau uku, ta dakata, sau uku, ta dakata. Ba ta ce mini komai ba, kallona kawai take yi.

Da la'asar motocin mayaƙan suka zo, aka ce su hau za a kai su wuri mai tsaro. Mu muna tsaye da bindigogi cike da harsashi. Matar ta sunkuya ta ajiye cokalin a gindin ƙyauren, a hankali, kamar mai shirin dawowa ta ɗauka, sannan ta hau. Abin da muka tarar a bakin rafi bayan kwana biyu ba zan rubuta shi a littafin da jikokina za su karanta ba. A littafin aiki na wannan ranar, da hannuna na rubuta cewa ba a taɓa ƙofa ba kuma ba a yi harbi ba, kuma gaskiya na rubuta. Kafin mu dawo gida aka jera mu aka maƙala mana lambar girma.

Ban gaya wa Farfesa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bai tambaye ni wane gari aka ajiye ni ba, ni ma ban tambayi nasa garin ba, kowannenmu ya kauce wa wurin. Amma kullum da safe idan na kai shayi sai ya buɗe mini karatu, ni a bayan jan layi, shi a bakin ƙofa. Ya ce duk rayuwarsa tambaya guda yake bi: yaushe ne doka ta yarda wata ƙasa ta shiga wata ƙasa don ta ceci mutanen da ake kashewa a ciki. Ya ce a idon doka ƙasa kamar gidan mutum ce, ba a shiga sai da izinin mai gida ko izinin babbar majalisar da ƙasashe suke zama. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba.

“Haba Farfesa! A unguwarmu idan ka ji maƙwabci zai kashe iyalinsa, katanga kake haurawa, ba ka tsayawa sallama.”

“Gaskiya ne, Saje. Amma na ga waɗanda suka haura katanga da sunan ceto, suka fito da awakin mai gida, wasu ma suka zauna a gidan suka ƙi fita. Saboda su ne doka take tsoron masu haurawa.”

Ya ce daga baya ƙasashe sun amince a takarda cewa idan gwamnati ta kasa kare mutanenta, ko ita ce ma mai kisan, nauyin ya koma kan sauran duniya. Amma har yanzu sai an jira majalisar nan ta zauna, kuma a cikinta akwai manya biyar da ko ɗaya ya ce a'a magana ta mutu. Na ce to meye amfanin takardar? Ya yi tari mai tsawo kafin ya amsa, ya ce amfaninta shi ne yanzu wanda ya ƙi buɗewa ba zai ce bai san akwai nauyi a kansa ba. Wata safiya kuma ya gaya mini cewa yayarsa ta mutu a yaƙin, bayan ta je ƙofar wasu sojojin waje an ƙi buɗe mata.

“Na zauna da ministoci, na zauna da janar-janar, kowa ya nuna mini takardar umarninsa. Mutum ɗaya ne ban taɓa samu ba, wanda makullin yake hannunsa. Ba zagin sa zan yi ba. So nake in tambaye shi abin da ya ji a ranar.”

Na ce masa shayinsa zai huce, na juya na koma teburina. Awudu ya dubi fuskata ya tambaye ni ko zazzaɓi ne.

Azumi ya kama muna wannan aiki. Yawancin mutanen hawanmu Musulmi ne, ko da ciwo wasu suna azumi, saboda haka tiren safe da na rana sukan wuni a kan kujera ba a taɓa ba, ba wanda yake damuwa. Amma Farfesa Kirista ne, kuma ko ranar da ya ce mini ya daina jin ɗanɗanon komai bai bar shayinsa ba. Ranar da abin ya faru na ajiye tire, na ƙwanƙwasa sau uku, na koma bayan layi. Shiru. Na sake. Shiru. Na kira wayar ɗakinsa daga tebur, ina jin tana ringi a can ƙarshen baranda har ta yanke. Na kira sufabaiza a oba-oba.

“Azumi ne, Isiyaku, kowa barci yake. Rubuta a littafi.”

“Wannan ba ya azumi, oga.”

“Nas biyu ne da mu yau a otel ɗin nan gaba ɗaya, suna hawa na uku da wani da ya faɗi. Za su zo zagaye da la'asar. Rubuta, yalla, maza.”

Na rubuta. Da azahar ta yi na ajiye tire na biyu a ƙasa kusa da na farko, na sake kira, aka sake ce mini la'asar. Na yi salla a gefen lifta, na dawo na zauna. Sai na ji shi. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ba da ƙarfi ba, daga ƙarshen baranda. Sau uku, ta dakata. Sau uku, ta dakata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kama hannun Awudu.

“Ɗan Kumasi, kana ji?”

“Ji mene? Na'ura ne kawai yake kuka. Saje, yunwa ne ya kama ka, zauna.”

Na taka zuwa jan layin ɗakin Farfesa na tsaya. Ƙarar tana nan, daidai tsayin ƙirjina, kamar mai bugawar yana tsaye a bayan ƙofar yana kallona. Ƙofar katako ce, ba ƙarfe a jikinta sai mariƙi. Na tuna da ku, wallahi na tuna. Na tuna Hadiza tana shirin jarrabawa, na tuna Bashir ya gaya wa duk abokansa cewa babansa zai tsaya a filin wasa a gan shi a talabijin. Na san abin da zai biyo baya, ba wanda ya ruɗe ni. Na dawo tebur, Awudu ya tare ni da jikinsa yana cewa in ji tsoron Allah, in jira sa'a biyu kacal, iyali gare ni. Na ce masa na taɓa jira har la'asar. Bai gane ba, amma ya ga fuskata ya matsa. Na yage takardar, na ɗauki katin.

Da ƙofar ta buɗe ƙarar ta tsaya. Ba kowa a bayanta. Farfesa yana can ciki, kwance a ƙasa tsakanin gado da banɗaki, nesa da ƙofa, leɓunansa sun yi toka-toka, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ƙwalla wa Awudu kira ya ce wa oga mutum zai mutu, na zauna a ƙasa na ɗaga shi na jingina shi a ƙirjina don ya samu iska. Takunkumina ya zame, ban ma kula ba. Muna zaune haka muna jiran masu motar asibiti, idanunsa a rufe, sai na ji bakina yana magana ba tare da na shirya ba.

“Farfesa, ni ne mai makullin. Ban sani ba ko ƙofar yayarka ce, amma ni ne. Ka ce kana son sanin abin da na ji. Cokali na ji. Har yau ina jin sa.”

Yatsunsa sun motsa a kan hannuna. Ko ji ya yi, ko jiki ne kawai, Allah ne masani. Masu motar asibiti suka iso suka sa masa abin numfashi suka fita da shi. Kafin a fitar da ni na dube ɗakin sosai, ƙarƙashin gado, kan tebur, bayan ƙofa. Ba cokali. A otel ɗin nan tun da aka fara killacewa ba a ba kowa cokalin ƙarfe, na roba ake sawa a leda, kuma nasa biyun suna waje a kan tire, ba a yage ledar ba. Awudu ya rantse har gobe bai ji komai ba. Ni ba malami ba ne, ban san mene ne ba, abin da na ji na faɗa muku.

Sauran kun san rabinsa. An killace ni, cutar ta kama ni, na yi sati biyu ban san inda kaina yake ba. Da na warke kamfani ya ba ni takarda cewa na karya hatimi na shiga ɗakin baƙo ba izini, kuma ba su yi ƙarya ba. Sufabaiza ya kasa haɗa ido da ni, ya ce shi ma umarni ne a kansa, na ce masa na fi kowa sanin wannan. Kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya soke izinin zamana, da aka buɗe hanya aka sa ni a jirgi. Wani ɗan garinmu da ke aiki a shagunan Asian Town ya ji an ce na shiga ɗakin baƙo, shi ya aiko da labarin gida, kafin in sauka labarin ya riga ya samu agogo. Farfesa kuwa ya yi kwana shida a asibiti ya rasu. Awudu ne ya gaya mini ta waya. Ya ce wata nas ta ce a cikin kwanakin ya farfaɗo har ya yi magana da 'yarsa ta bidiyo, sun yi sallama. Abin da buɗe ƙofar ya samar ke nan, ban ceci ransa ba, kuma ba zan ƙara wa abin girma ba.

To, ga abin da nake so daga gare ku. Kun daɗe kuna sunkuyar da kai idan an ambaci Qatar, amma duk baƙon da ya shigo falo sai kun nuna masa hoton nan nawa da kaki da lambar girma. Hadiza, kin taɓa kai shi makaranta ma. Ku dube shi da kyau, a ɗamarata ta hagu za ku ga wani abu yana rataye, makullin ne. Na yi shekaru ina cin abinci a ƙarƙashin hoton nan, na gaji. Ku sauke shi tun ina raye. Takardar korata tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, cikin aljihun fasfo. Idan bangon ya yi muku fili, ita za ku rataya a wurin.